Waiwaye: Shekarar da Aka Tantance Autarmu

Akwai maganganun da duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya sha jin su tun bai iya ɗaura wando ba. "Yi shiru, manya na magana." "Sunkuyar da kanka." "Wa ya tambaye ka?" Da su aka raine mu, kuma ni ba na cikin masu cewa a watsar da su. Yaron da ya san ya durƙusa ya gai da babba, ya san ba a katse wa dattijo hanzari, ya sami abin da kuɗi ba ya saya. Sai dai muna koya wa yaro lokacin yin shiru mu bar shi bai san lokacin buɗe baki ba, alhali akwai ɗakin da idan ya shiga, shirunsa ba zai fisshe shi ba. Na ga haka a 2007, shekarar da aka tantance autar gidanmu don tafiya karatu Amurka.

Shekararta 15 a lokacin, tana aji huɗu a wata sakandaren 'yan mata ta gwamnati a Zariya. Ni kuma ina jami'a, saboda haka duk takardar Turancin da ta shigo gidan ni ake miƙo wa. Wata rana da la'asar ta dawo da fom a cikin littafin lissafinta, ta ce, "Yaya, shugabar makaranta ta ce a nuna wa Baba." Shirin YES ne, wanda Majalisar Dokokin Amurka ta kafa a Oktoban 2002, shekara guda bayan harin 11 ga Satumba, bisa ƙudurin sanatoci biyu, Edward Kennedy da Richard Lugar. A lokacin ana ɗaukar 'yan sakandare daga ƙasashen da ke da Musulmi da yawa, a sauke su a gidajen Amurkawa na tsawon shekarar karatu ɗaya, su shiga aji tare da 'ya'yan gari, sannan a dawo da su gida. Rukunin farko ya tafi a 2003, da 'yan Najeriya a ciki. A waɗannan shekarun gwamnatin Amurka ke biyan kuɗin jirgi da na asibiti da ɗan abin kashewa na wata-wata, wata ƙungiya da ke jihar Iowa kuma ita ke kula da shirin a nan. Ba su ɓoye abin da suke so ba. Suna son yaranmu su san su, 'ya'yansu kuma su ga Musulmi a cikin gida, ba a talabijin kaɗai ba. Siyasa ce, amma wadda aka faɗe ta a fili.

Shugabar makarantar ta tsamo 'yan kaɗan daga na gaba-gaba a aji. Auta na ciki, amma ba ita ce ta ɗaya ba. Ta ɗaya ƙawarta ce, 'yar unguwarmu, wata siririyar yarinya marar hayaniya wadda tun daga firamare ba a taɓa ƙwace mata matsayinta ba. Da malamansu aka bar wa zaɓi, babu wanda zai ambaci Auta kafin ita.

Jarrabawar farko ta Turanci ce, sauraro da karatu. Aka kunna musu murya a rikoda, Turancin Amurka mai fita ta hanci, wanda bai yi kama da na malamansu ba ko kaɗan. Auta ta ce da farko ta ɗauka na'urar ce ta lalace. Yaran da ke da tauraron ɗan'adam a gida kunnensu ya riga ya saba, 'ya'yan talakawa kuwa sai da suka yi ta lalube. Duk da haka su biyun suka haye, ƙawar da maki mai yawa. Aka ba su insha'i, nan ma suka haye.

Tantancewa rariya ce mai hawa-hawa, kuma hawa na biyu iyaye yake tankaɗewa. An nemi takardar haihuwa. A gida aka haifi Auta, ungozoma ta yanke cibiya, ran bakwai aka raɗa suna, magana ta ƙare. Ba mu kaɗai ba ne. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2008 ya nuna kashi 30 cikin 100 ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa a Najeriya, duk da cewa akwai dokar 1992 da ta wajabta ta. Da muka tattaro takardunta sai ga shekarar da ke rajistar firamare daban, wadda ke sakamakon aji uku daban, domin wani malami ya rage mata shekara ɗaya da nufin taimako. Sunan mahaifinmu kuma an rubuta shi iri biyu. A shirin da ke da iyakar shekaru, 'yan watanni ma suna iya fitar da yaro. Abin da ya cece mu wani tsohon littafin Baba ne, inda yake rubuta haihuwar kowannenmu da ajami a bangon ciki, da watan Musulunci da na Bature. Da shi aka je kotu aka yi rantsuwa, aka karɓo takarda a hukumar ƙidaya. Akwai 'yar ajinsu da ta fita daga layi a wannan gaɓa ba tare da ta faɗi jarrabawa ko ɗaya ba.

Waɗanda suka rage aka tara su a Kaduna. Ni na raka su biyun a motar haya. Yara ne daga sassan jihar, maza da mata, Musulmi da Kirista, kuma wanda ya san Kadunar waɗannan shekaru ya san nauyin wannan haɗuwa. Rikicin 2000 da na Nuwamban 2002 sun raba garin, kogi ya zama iyaka, Musulmi suka tattara arewa, Kirista suka tattara kudu. Da yawa daga yaran da aka zaunar wuri ɗaya a ranar ba su taɓa sa hannu a kwano ɗaya da wanda ba addininsu ɗaya ba.

Mu 'yan rakiya a waje aka bar mu, don haka abin da ya faru a ciki daga bakin Auta na ji shi. An raba su rukuni-rukuni, aka ce su ɗauka makarantarsu ta sami wasu 'yan kuɗi, su yanke shawarar abin da za a yi da su. Masu tantancewa suka ja gefe da biro da takarda, ba su ce uffan ba. Wani yaro ɗan makarantar kuɗi ya kama magana ya ƙi saki. Auta ta bari sai da ya numfasa, ta faɗi nata a taƙaice, sannan ta ce akwai wadda ba a ji ta bakinta ba tukuna. Ƙawarta take nufi. Ƙawar ta ɗago kai, ta ce ta yarda da abin da aka faɗa, ta mai da kai ƙasa. Shi ma yaron mai surutun bai tafi ba, na ji daga baya. Ba mai cika ɗaki da murya suke nema ba, suna duba wanda zai iya faɗin nasa ya kuma bar wa wani fili.

Sai intabiyu, ɗaya bayan ɗaya. Manya ne a bayan tebur, har da wani dattijo mai furfura, sa'an iyayensu. Me za ki yi idan aka ba ki abincin da ba kya ci? Idan kewar gida ta kama ki fa? Idan wani a aji ya faɗi mummunar magana a kan addininki? Daga nan sai tambayar da ta raba su biyun: ki faɗa mana wani abu da kika taɓa yi wanda kike alfahari da shi.

A wajen Ba'amurke wannan tambayar buɗe hira ce, tun yana firamare ake yi masa irinta. 'Yar Zariya kuwa an ce ne ta aikata abin da aka hana ta tun tana goye. Yabon kai jahilci, haka muka taso muna ji. Kuma ana so ta yi shi tana duban idon babba, da harshen da ba da shi take mafarki ba.

Auta ta ba su labarin famfon unguwarmu. Duk wanda ya zauna Zariya a lokacin ya san ruwan famfo jefi-jefi yake zuwa, in ya zo kuwa sai faɗa a layi, manyan yara su ture ƙanana, a fasa bokiti, har iyaye mata su shiga. Ita ce ta samo alli daga makaranta ta riƙa rubuta lamba a jikin jarkoki da bokitai gwargwadon zuwan kowa, har abin ya zama al'ada, faɗan ya ragu. Da Turancinta mai gargada ta faɗa. Wata kalma ta ƙwace mata, ta kwatanta da hannu, suka yi dariya, ita ma ta yi, ta ci gaba.

Ƙawar kuwa da aka yi mata tambayar sai ta ce babu. Aka sake ta wata siga. Ta ce ita dai tana zuwa ta ɗaya a aji, amma wannan ikon Allah ne da ƙoƙarin malamai. Aka jira ko za ta ƙara, ba ta ƙara ba. A hanyarmu ta dawowa ba ta yi magana ba har muka wuce Jaji, sannan ta ce mini a hankali, "Yaya, wallahi duk tambayoyinsu na san amsarsu."

Na daɗe ina juya abin a raina. Unguwa ɗaya, makaranta ɗaya, malamai ɗaya, kuma wadda ta fi ƙwaƙwalwa ita aka bari. Inda na ga bambancin ya fito shi ne tabarmar mahaifinmu. Baba, Allah ya jiƙansa, tela ne. Karatun allo da na zaure ya yi, boko kuwa sai abin da ya tsinta a ajin yaƙi da jahilci. Kullum bayan lisha yana tare da rediyonsa, daga BBC ya murɗa Muryar Jamus, daga nan Rediyon Kaduna. In an gama labarai sai ya rage murya ya dubi wanda ke kusa ya ce, "To, kai me ka gani?" Mu manya mukan ce haka ne, Baba, mu zame. Auta, da yake auta ce an sakar mata fuska, takan faɗi nata, wani lokaci har ta saɓa masa. Ba ya tsawata mata. Kalma ɗaya yake jefa mata: "Dalilinki?" In ta kawo ya auna, in ba ta da shi ya ce ta je ta nemo. Inna takan leƙo daga ɗaki ta ce, "Malam, kana ɓata yarinyar nan, wa zai zauna da mai wannan baki?" Sai ya yi murmushi ya ƙara muryar rediyo. Kuma duk da haka ban taɓa ganin Auta ta gai da shi a tsaye ba, ban taɓa jin ta katse shi ba. Ladabin yana nan, bakin ma yana nan.

Bayan wasu watanni saƙo ya zo cewa tana cikin waɗanda aka zaɓa. Mun ɗauka an gama. Ashe tantancewar da ta fi kowace zafi a cikin gidanmu za a yi ta.

Gwaggo, yayar Baba, ta yi sammako daga cikin birni. Aka kawo mata ruwa ta ƙi sha sai ta faɗi abin da ya kawo ta. Ta ce, "Malam, ashe da raina za ka ɗauki budurwa ka miƙa wa mutanen da ba ka san asalinsu ba? Wane ne muharraminta a can? Me za ta ci? Kuma me ya sa sai 'ya'yanmu suke so, su da ke ruwan wuta a Iraƙi?"

Kada mai karatu ya ɗauka Gwaggo duhun kai ke damun ta. A 2007 ɗin nan gwamnatin Kano ta kai kamfanin Pfizer kotu a kan gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a 1996 lokacin annobar sanƙarau, rediyo ba ta da zance sai shi. Ƙauracewa allurar shan-inna ta 2003 zuwa 2004 ma ba ta gama barin zukatan mutane ba. Ga shi kuma fom ɗin asibitin da aka aiko mana cike yake da jerin allurai da gwaje-gwaje. Wanda ya ga wannan ya yi shakka, yana da hujja. Ni kaina da na shiga shagon intanet na binciki jihar da za a kai ta, abin da na fara cin karo da shi shi ne babu jihar da ta kai Iowa kiwon alade a duk Amurka, aladunta sun ninka mutanenta. Na faɗa a gaban kowa, domin ba abin ɓoyewa ba ne. Gwaggo ta tafa hannu ta yi salati. Na ƙara da cewa a jihar dai, a garin Cedar Rapids, akwai masallacin da Musulmi 'yan asalin ƙasashen Sham suka gina tun 1934, yana cikin mafi daɗewa a ƙasar. Wannan bai shiga kunnenta ba.

Kawu, ƙanin Inna, tsohon malamin firamare, shi ya tsaya wa tafiyar. Ya ce tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma ba yau Arewa ta fara ba. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tafi Landan karatun koyarwa a 1945, Malam Aminu Kano ya bi baya a 1946, Malam Abubakar Gumi ya je Bakhtar-Ruda a Sudan a 1954, wanne ne ya dawo ya bar addininsa? Gwaggo ta ce, "Duk waɗanda ka lissafa manyan maza ne da hankalinsu. Kawo mini yarinya ɗaya a cikinsu." Kawu bai da amsa, domin gaskiya ta faɗa.

Baba bai yanke hukunci a ranar ba. Ya je wajen malamai a kan tafiyar mace ba muharrami. Wani ya ce masa sam bai halatta ba. Wani ya ce akwai malaman da suka sassauta idan akwai amintacciyar rakiya da amintaccen masauki, amma nauyin yana wuyan uba. Ya yi istihara. Sannan wani dare ya aika aka kira Auta zaure, ya ce ni ma in zauna in zama shaida. Ta shigo ta durƙusa.

"Auta, kina son tafiyar nan?"

"Ina so, Baba."

"Dalilinki?"

Ta ce likita take son zama, kuma tun da ta shiga sakandare ba ta taɓa riƙe kayan gwajin kimiyya da hannunta ba, a allo ake zana musu. Tana so ta ga yadda ake koyar da shi a inda kayan suke.

"Azumi zai same ki a can, ba ki daɗe da sauka ba. Gidan babu mai tashi sahur. Wa zai tashe ki?"

"Agogo mai ƙararrawa zan tafi da shi, Baba. In na makara zan ɗauki azumina haka nan, ai sahur ba sharaɗi ba ne."

"Idan matar gidan ta sha wahala ta dafa abin da bai halatta ba, ta ajiye miki a gaba fa?"

"Ba zan bari a kai nan ba. Ranar da na sauka zan gaya mata abin da nake ci da wanda ba na ci, in roƙe ta ta bar ni in riƙa shiga kicin tare da ita."

"Idan aka ce ki cire hijabi?"

"Sun ce ba mai tilasta ni. In an tilasta, akwai wanda aka ce in kira. In ba a gyara ba, in dawo gida."

Ya yi shiru yana jan carbi. Can ya ce, "Idan kika ga abin da ya fi namu kyau fa?"

Nan ta ɗan jima kafin ta amsa. "Zan faɗa maka, Baba."

"In kika ga wanda ya fi namu muni?"

"Shi ma zan faɗa maka."

Ya ce ta tashi ta je ta kwanta. Da safe ya sa hannu a takardar, ya ɗauki kekensa ya tafi gidan Gwaggo, ni ina biye. Bayan sun gaisa ya ce, "Yaya, ki yi haƙuri, na yarda ta tafi. Da ta ce mini duk yadda na ce, da ban bar ta ba. Yarinyar da ba za ta iya faɗa mini abin da ke ranta ba, ba za ta iya ce wa baƙo a'a ba."

Wannan magana ita ce na riƙe daga duk abin da ya faru. Tela a Zariya da masu biro a Kaduna ba su taɓa haɗuwa ba, tsoronsu ma ba ɗaya ba ne, amma abu ɗaya suka auna. Su suna tsoron kai yarinyar da za ta shige ɗaki ta yi ta kuka ba wanda ya san damuwarta. Shi yana tsoron aika 'yar da kunya za ta sa ta haɗiye abin da bai kamata ta haɗiye ba. Mu mun saba ɗaukar shirun 'ya mace a matsayin garkuwarta. Baba ya ga cewa a inda babu uwa babu uba, bakinta ne zai tsare ta.

Sauran sai gudu-gudu: sabon fasfo mai na'ura da aka fara bayarwa a 2007, allurai, wasiƙar gabatar da kai ga iyalin da za su karɓe ta, biza a ofishin jakadanci a Abuja, mai ɗauke da sharaɗin komawa gida. Ta tashi a Agustan 2008. Azumi ya kama a farkon Satumba, ta yi shi a gidan wasu manoman masara, matar gidan har ta koyi jinkirta abincin dare zuwa faɗuwar rana. Tana can aka zaɓi Obama a Nuwamba. Ta sha sanyi, ta sha kewa, akwai ranakun da ta kira Inna ba ta iya cewa komai sai kuka. Ta dawo a Yunin 2009 ta tarar 'yan ajinta sun wuce ta, ta bi na bayansu. Gwaggo ta zaunar da ita ta sa ta karanto mata abin da ta haddace kafin ta tafi, ta saurara har ƙarshe, ta ce to. Amma har ta koma ga Mahaliccinta ba ta taɓa cewa an yi daidai ba.

Shekarun da suka biyo baya sun nuna tsoron irin na Gwaggo ba na banza ba ne. Mun ga ɗalibanmu suna gudun yaƙi a Yukren a 2022. Mun ga 'ya'yanmu da ke Khartum a Afrilun 2023 cikin motocin safa, sun yi kwana da kwanaki a bakin iyakar Masar. Mun ji koken waɗanda gwamnatin tarayya ta tura Rasha da Maroko da sauran ƙasashe a ƙarƙashin yarjejeniyar BEA suna cewa watanni ba a biya su alawus ba, har ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da tsayar da shirin a 2025. A kowane ɗaya daga waɗannan, yaron da ya iya tsayawa ya yi bayanin halin da yake ciki, ga jami'i ko ga ɗan jarida ko ga direba, ya fi wanda ya zauna jiran a tambaye shi samun mafita.

Ƙofofin da suka rage kuwa kusan duk ta ɗaki ɗaya ake bi. Tallafin karatu na gwamnatin Turkiyya, wanda ke ɗaukar 'yan ƙasa da shekara 21 a digirin farko, yana da intabiyu. Makarantar African Leadership Academy da aka buɗe a Johannesburg a 2008 tana tara waɗanda suka kai matakin ƙarshe ta ba su aikin rukuni ta zuba musu ido. Masu neman Jami'ar Musulunci ta Madina sun daɗe da sanin muƙabala, wato intabiyu. Abin da ya canza kawai shi ne yanzu sau da yawa ta waya ko kwamfuta ake yi, yaro na zaune a shagon intanet yana addu'ar kada sabis ya ɗauke. Batun takardu ma ya ƙara tsanani, tunda daga 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN, kuma harafi ɗaya da ya saɓa tsakaninta da sakamakon WAEC yana iya tsayar da fasfo.

Ina da abin faɗa wa masu tantancewa, ko'ina suke. Tambayar alfahari ba ta auna yaranmu daidai. Tana fifita ɗan gidan da aka saba yabon yaro a gabansa, tana kayar da wanda aka koya wa ɓoye alherinsa. Da a teburin akwai wanda ya san mu sosai, da ya tambayi yarinyar nan wa ke dafa abinci a gidansu, wa ke kai ƙannenta makaranta, ƙarfe nawa take tashi. Da an ji abin mamaki. Amma ƙofar tasu ce, ba mu muka sa mata sakata ba. Abin da ke hannunmu shi ne zaurenmu da ajinmu. Muhawarar da ake yi tsakanin makarantun gwamnati a da ta mutu a wurare da yawa, aji ya cika ya batse, yaro na iya gama sakandare bai taɓa miƙewa ya yi magana ta minti biyu a gaban mutane ba, ko da Hausa. Kuma ba sai mai shirin ƙetare wannan ke cutarwa ba. Wadda ba ta iya buɗe baki ba ita ce ɗalibar da malami zai matsa wa a jami'a ta rasa wanda za ta gaya wa, ita ce mai jegon da ba za ta iya tambayar likita sunan allurar da ya yi mata ba.

Ƙawar Auta ba ta taɓe ba. Ta karanta harhaɗa magunguna a Jami'ar Ahmadu Bello, tana aiki a asibiti, da aurenta da 'ya'yanta. Mun haɗu a wani biki bayan shekaru masu yawa, hira ta kai mu ga ranar Kaduna, na tambaye ta amsar da ta ce ta sani. Sai a ranar na ji cewa a shekarar da aka tantance su mahaifiyarta na kwance da shanyewar ɓarin jiki, a ɗakin da ba kowa ke shiga ba. Ita ke tashi kafin asuba ta gyara ta, ta yi mata wanka, ta dama koko, ta shirya ƙannenta, ta ware magungunan safe da na rana a cikin murafen kwalba yadda ƙaramar ƙanwarta ba za ta rikice ba, sannan ta tafi makaranta ta zo ta ɗaya. Daga waɗannan murafe ta fara son aikin da take yi yanzu. Na ce mata da ta faɗi rabin wannan a gaban teburin nan, da babu mai tsallake ta.

Ta ce, "Na sani, Yaya. Har na shirya shi da Turanci a zuciyata, jimla bayan jimla. Amma ta yaya zan ɗauki lalurar mahaifiyata in nemi jirgi da ita?"